Muntari da Lambobi Goma Sha Huɗu

Muntari mijin autata ne, kuma ni na ɓata masa suna a garin Rano. Gara in faɗi wannan tun daga farko, don kada wani ya karanta har tsakiya yana ganina dattijon kirki. Sunana Malam Haliru. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, goma sha ɗaya daga ciki ina shugabantar makaranta, har yau kuma Hedimasta ake kirana a unguwa. Ina da saurin fushi, ina da son a ce na sani. Matata Lami ta sha faɗa min haka, ni kuma na sha ce mata ta yi min shiru.

A Durba aka haifi Muntari, can ƙasar Kibiya. Iyayensa Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noman dawa da gyaɗa, shanun da suka rage musu ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya yi kiwo yana ƙarami, ya yi allo, ya yi boko har aji uku na ƙaramar sakandare, sai mahaifinsa ya kwanta ciwo, karatu ya tsaya nan. Abin da Allah ya ba shi hannu ne. Rediyon mahaifinsa ya fara kwancewa, ya sha duka a kai, washegari ya mayar da ita tana magana fiye da da. Daga nan sai tocila, sai agogon bango, sai injin ban ruwa na maƙwabta. Mutanen Durba suka riƙa cewa in abu ya mutu, a kai wa Muntari ya gani kafin a yar.

Ya yi cajin waya a Kibiya da wani ɗan janareto mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ya yi acaɓa shekara biyu tsakanin Rano da Rurum, ya bari, don bai iya musu da fasinja ba, kuma wanda bai iya musu ba acaɓa ba sana'arsa ba ce. Da sola ta shigo ya koyi ɗaura ta, ya koyi kafa kwanon tauraron ɗan'adam a kan rufi, ya buɗe ɗan shago kusa da tasha a Rano. Aikinsa na shiga gida ne. Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ba zai gane girman wannan ba. Namiji baligi, ba muharrami ba, a ce mata su kintsa, ya wuce zaure, ya shiga tsakar gida, ya hau rufi yana kallon cikin gidajen maƙwabta uku. Ba kowa ake yi wa haka ba. Muntari ana yi masa, don kansa a sunkuye yake shiga, a sunkuye yake fita, kuma ba a taɓa jin zancen gidan wani a bakinsa ba.

Autata Bara'atu ma'aikaciyar lafiya ce. Firjin ajiye allurar rigakafi na asibitinsu ya mutu, aka kira Muntari ya duba solar, to daga nan aka fara. Ita ta ce shi take so. Ni ban so ba. Na ce 'yar hedimasta guda, mai takardar shaida, ta rasa wanda za ta kawo min sai ɗan aji uku? Lami ta ce ɗan aji ukun ne ya gyara fankar da na yi wata biyu ina zagayawa da sukurudireba. Aka ɗaura aure.

Abin da ya sanyaya min rai daga baya shi ne kunyarsa. Mu Hausawa muna da kunyar suruki, amma ta Fulani ta fi tamu nisa. Shekara bakwai ban taɓa ganin Muntari ya sa loma a bakinsa a gabana ba. In ya hango ni a hanya, tun daga nesa zai sauka daga babur ya turo shi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Bai taɓa kallon tsakiyar idona ba. In na ce yau Talata alhali Laraba ce, sai ya ce, “Haka ne, Baba,” ya bari kalanda ta gyara min. Ina jin daɗin wannan ƙwarai, har alfahari nake yi da shi a majalisa, ina cewa ni surukina ba irin na zamani ba ne.

Shekara uku da suka wuce wani ƙaramin kamfanin intanet daga Kano ya kafa ƙarfensa a bayan gari, ya ɗauki Muntari wakili. Shi ke hawa rufi ya ɗaura ɗan farin kwano, ya ja waya zuwa wata ƙaramar na'ura mai fitilu a cikin ɗaki, shi ake kira in ta ƙi. Wuri goma sha huɗu suka sa a Rano: mai kemis, mai shagon buga takardu, wata makaranta, manyan dillalan hatsi, sai ni. Ni kyauta ya sa min, don in riƙa ganin ɗana da ke aiki a kudu, in kuma saurari labarai ba sai na kama tasha ba.

A daminar bara, cikin watan Agusta, aka yi wata tsawa da ta ƙona wani abu a jikin ƙarfen kamfanin. Aka sauya, amma intanet ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. A makon nan ne kuma labari ya cika gari cewa an ɗauke wani attajiri a wani gari can kudu da mu, kuma wai wani na kusa da shi ne ya nuna gidan. Kowa ya san kalmar da ake kiran irin wannan mutum da ita. Ko a masallaci mutane sai waige-waige suke yi.

Ranar wata Litinin da hantsi Muntari ya zo gidana. Ya gaishe ni, ya duba wayarsa, ya kwafi wani abu a takarda, ya ajiye takardar a kan tabarmar zaure ya ɗora dutse, ya hau rufi. Na ɗauka na duba, don malamin makaranta ba ya ganin takarda ya ƙyale. Sunaye ne goma sha huɗu. Na farko Alhaji Mato, babban dillalin hatsin unguwarmu, wanda a ƙofar gidansa muke zaman majalisa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk masu abin hannu ne in ka cire ni. Gaban kowane suna akwai lambobi kashi huɗu, da ɗigo a tsakaninsu.

Da ya sauko na ce, “Wannan fa?”

Ya durƙusa ya ce, “Lambar IP ce, Baba. Kamfani ne suka ce in karanto ta kowane gida in tura musu.”

Na ce, “Na sani.”

Wallahi ban taɓa jin sunanta ba sai ran nan. Da na ce masa, “Mece ce ita?” da magana ta ƙare a zauren nan cikin minti biyu. Amma hedimasta ya tambayi ɗan aji uku? Na bari ya tafi, na ɗauko tabarau, na rubuta tambayar da Turanci a wayata. Layi biyu na farko na karanta, inda aka ce lambar na iya nuna wurin da mutum yake. Ban gangara ƙasa ba. Na kife wayar a tsorace, amma kuma, in faɗi gaskiya, da wani ɗan daɗi a ciki. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni kuwa ran nan da hannuna na ɗaura wa kaina shi.

Ban taɓa zaton Muntari mugu ne ba, ko na minti ɗaya. Abin da na zata shi ne wasu 'yan birni sun sami bagidaje suna amfani da shi. Abin da na so kuma shi ne majalisa ta san cewa ni na gano abin da ya wuce kan kowa. Wannan ne gaskiyar, kuma ita ce ta fi yi min ciwo.

Bayan la'asar muka zauna a gindin darbejiyar ƙofar gidan Alhaji Mato, mu kusan goma sha biyu. Na bari aka gama zancen taki da farashin masara, sannan na gyara murya na zuba musu. Na ce akwai wata lamba a cikin na'urar nan da duk wanda ya riƙe ta ya san inda kake kwana, kuma a yau ɗin nan an tattara ta gida goma sha huɗu an aika Kano. Na ce da idona na ga takardar, kuma sunan Alhaji ne a sama.

Alhaji Mato ya ajiye carbi. Ya ce, “Hedimasta, wa ya tattara?”

Na ce, “A kira Muntari.”

Aka buga masa waya. Ya zo, ya tsayar da babur can nesa, ya tako ba takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma. Na ce, “Muntari, ka rubuta sunayen mutanen nan ko ba ka rubuta ba?”

“Na rubuta, Baba.”

“Da lambobinsu?”

“Da su, Baba.”

“Ka tura wa mutanen Kano?”

“Na tura, Baba.”

“To ni na ce lambar nan tana nuna inda mutum yake kwana. Ƙarya na yi?”

Shekara talatin da biyar ina shirya tambayoyin jarrabawa, na san tambayar da ba ta da ƙofar fita. In ya ce gaskiya na faɗa, ya amsa laifi. In ya ce ba haka ba ne, ya ƙaryata uban matarsa a gaban dattawa goma sha biyu, abin da na fi kowa sanin ba zai yi ba ko za a yanka shi. Ya kalli ƙasa. Na ga ya buɗe baki ya rufe. Can ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba.”

Wani daga baya ya ce, “Infoma ke nan.” Wani ya ce, “Dama su ai...” bai ƙarasa ba, amma kowa ya ji sauran, don kowa ya san daga ina Muntari ya fito. Na ji su sarai. Kalma ɗaya daga bakina da ta kashe maganar, ni da na tayar da ita. Ban ce komai ba, ina ta gyara zaman hula. Alhaji Mato ya ce masa ya tashi ya tafi, ya tashi, ya ce a gafarce shi, ya je ya sa takalminsa.

Kafin magariba zancen ya zaga wayoyin gari, kuma kowane saƙo da jimla ɗaya yake ƙarewa: surukinsa ma da kansa ya tona shi. Washegari da safe 'yan sintiri suka je shagonsa suka karɓi wayoyinsa biyu, suka zaunar da shi har azahar. Ba su sami komai ba sai hotunan rufin gidaje da wayoyin lantarki, waɗanda yake ɗauka don aikinsa. Suka sallame shi, suka ce ba shi da laifi. Amma a bakin gari hotunan rufin nan suka zama wata sabuwar hujja. Cikin kwana uku mutum tara suka sa aka cire musu kwanon. Waɗanda ya ɗaura wa sola shekara da shekaru suka daina kiransa. Wata tsohuwa da yake gyara wa rediyo kyauta ta aiko a karɓo mata rediyonta haka nan a kwance.

Lami ta daina yi min magana sai abin da ya zama dole. Ni kuma na riƙa cewa ai ban kira shi infoma ba, tambaya kawai na yi.

Rana ta huɗu Bara'atu ta zo da kayan aikinta a jiki. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ba ta rage komai ba, sannan ta ajiye wayarta a kan tabarma ta buɗe murya. Ta ce, “Baba, ga injiniyar kamfanin. Sunanta Mufida. Ka tambaye ta abin da ka tambayi mijina.” Auta ce, ita kaɗai ke iya yi min haka a gidan nan.

Muryar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar Bara'atu ba. Ta gaishe ni da ladabi. Na sa muryar hedimasta na ce ina so in san dalilin da ya sa suke tattara lambobin mutane.

Ta ce, “Baba, ai lambar tamu ce. Mu muke ba kowace na'ura tata, da ita saƙo yake gane inda zai sauka. Ba ka da abin da za ka ɓoye mana a nan. Kamar ɗan haya ne ya ɓoye wa mai gida lambar ɗakin da shi ya ba shi.”

Na ce, “In taku ce, me ya sa kuke tambaya?”

Ta ce, “Da aka sauya na'urar da tsawa ta ƙona, gida biyu suka tashi da lamba ɗaya, kuma daga nan ofis ba ma iya ganin ko su wane ne. Shi ya sa na ce Malam Muntari ya karanto min. An ce kai malami ne, Baba. In ɗalibai biyu suka shiga jarrabawa da lamba ɗaya, ya ake yi?”

Na ce, “Sakamako ya rikice.”

“To shi ne ya faru da intanet ɗinku.”

Ban saduda ba tukuna. Na ce na karanta da idona cewa lambar tana nuna inda mutum yake. Ta ce wadda duniya ke gani takan nuna yanki ko birni, shi ma ba kullum take dacewa ba, ba ta nuna ƙofar gida, balle ɗakin kwana. Ta ce in buɗe wani shafi in gani da kaina. Bara'atu ta buɗe min a wayata. Shafin ya ce ina Legas. Ni da rabona da Legas tun wani taron malamai kafin a haifi Bara'atu.

Mufida ta ce, “Mu da muka san gidanka, ba ta lambar nan muka sani ba, kai ka rubuta mana a fom ranar da aka sa maka. Abin da ba a bayarwa shi ne kalmar sirri, da lambar katin banki, da lambar da ake turo maka ta saƙo. Waɗannan ko ni na tambaye ka, kashe wayar. In kuma wani ya kira ya ce daga wurinmu yake, kana da iko ka ce za ka kira ofis da kanka ka tabbatar. Da ka kira mu, Baba. Ko shi ɗin da ka tambaye shi a gida.” Sannan ta ce wakilai shida gare su a kudancin Kano, babu wanda aikinsa ya kai na Muntari tsabta.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Bara'atu ta ɗauki wayarta, ta ce, “Na bar ka lafiya, Baba,” ta fita ba ta ko shiga wurin uwarta ba.

Ban yi nauyin ƙafa ba, wannan kam zan faɗa wa kaina. A ranar, bayan la'asar, na miƙe tsaye a majalisa, abin da ba a yi, na ce ni Haliru na yi kuskure, na faɗi abin da ban sani ba, yaron nan ba shi da laifin komai. Na yi musu bayanin lambar tiryan-tiryan, har da zancen Legas. Aka yi dariya kaɗan. Aka ce, “Ai ba komai, Hedimasta, Allah ya kiyaye gaba.” Na zauna ina jin kamar na sauke kaya.

Sai Alhaji Mato ya matso kusa da ni, ya rage murya, cikin tausayi, wallahi cikin tausayi. Ya ce, “Hedimasta, mun gane. 'Yarka na gidansa, ga jikoki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ko ni ne haka zan yi.”

Na ce, “Alhaji, ba rufa masa asiri nake yi ba, babu asirin da za a rufa!”

Ya ce, “To, to. Amma dai ruwa ba ya tsami banza. In ba shi da laifi, me ya hana shi magana ran nan?”

Na ce, “Surukina ne! Ta yaya zai ƙaryata ni a gabanku?”

Ya ce, “Ka gani? Surukinka ne.” Ya ɗauki carbinsa.

Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su cire kwanon ba. Na yi sati biyu ina yi, da sandata, cikin taɓo. Ko'ina a karɓe ni da mutunci, a shimfiɗa min tabarma, a saurare ni har in gama, a raka ni ƙofa. Kuma ko'ina abu ɗaya nake gani a ido. Ranar da na zarge shi, kasancewata surukinsa ita ta ba maganar nauyi. Yau da nake wanke shi, ita ce ta sa maganar ba ta da nauyin komai. Mai kemis kaɗai ya yarda ya kira Mufida, ya gamsu, amma ya ce iyalinsa sun tsorata, a bari ƙura ta lafa tukuna.

Ba ta lafa ba. Kafin a yanke gero Muntari ya rufe shagon, ya kwashe kayan aikinsa ya koma Durba gonar mahaifinsa. Bara'atu ta nemi canjin wurin aiki zuwa Kibiya aka ba ta. Kamfanin ya turo wani saurayi daga Kano mai askin banza, wanda ba wanda ya san ubansa. Mutanen da suka cire kwano sun mayar, kuma na ji da kunnena yana tambayar Alhaji Mato lambar IP ta waya, Alhaji na karanto masa da ƙarfi a tsakiyar majalisa, yana tambayata ko ɗigon ma ana faɗa.

Da kaka, lokacin cirar gyaɗa, na hau mota zuwa Kibiya, daga nan na hau acaɓa zuwa Durba. Na shirya maganata tun daga gida, na maimaita ta a hanya. A gona na same shi. Ya rame, ya yi baƙi. Ya yar da fartanya ya durƙusa cikin kunyar gyaɗa. Na ce, “Muntari, na zo ne in roƙe ka gafara.”

Ya ce, “Subhanallahi! Baba, ba ka yi min komai ba.”

Na ce, “Na yi.”

Ya ce, “Wallahi ba komai, Baba. Ka sha hanya. Bari in je in sa a kama kaza.” Ya tashi da sauri ya nufi gida, ya bar ni tsaye da sauran maganar a baki. Ko gafarar ma ban samu na roƙa ba, don ba zai yarda a ce uban matarsa ya yi laifin da za a yafe ba.

Bara'atu na samu a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ranar ba ta da aiki. Ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa. Na ce, “Ke kin san shi. Ya san amsar, na ga ta zo masa har baki. Ko da kunya, ai ana iya cewa, Baba, a gafarce ni, ba haka ba ne. Me ya sa bai faɗa ba?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Ni ma na tambaye shi, har da kuka. Na ce ya dubi 'ya'yansa.”

“Ya ce me?”

“Ya ce in ya yi magana, dole ɗayanku ya tashi daga wurin nan a matsayin wanda bai san abin da yake faɗa ba. Ya ce shi yana da gona a Durba. Kai kuwa, Baba, tun da ka bar makaranta, majalisar nan kaɗai gare ka.”

Na ci kazar, don ba yadda zan yi. Ban san ɗanɗanonta ba.

Da la'asar ba a sami abin hawa ba, Muntari ya ce zai kai ni. Ya goya ni a babur, yana tafiya a hankali yana kauce wa ramuka, har muka hango dutsen Rano. Muna isa bakin gari, daidai inda gidaje suka fara, ya tsaya ya kashe babur.

Ya ce, “Baba, a gafarce ni, daga nan zan juya. Kada a gan ka tare da ni a ce wani abu a kanka.”

Allah ya sani na so in ce a'a. Na so in ce ya tayar da babur ɗin nan ya bi da ni ta tasha, ta bakin kasuwa, ta ƙofar gidan Alhaji Mato, kowa ya gan ni a bayansa na dafa kafaɗarsa. Maganar ta zo min har baki. Sai na tuna lokacin zaman majalisa ne, duk suna nan a gindin darbejiya, na tuna irin kallon da za su yi min.

Na sauka. Ya durƙusa ya yi min sallama, ya juya babur ɗinsa, ni kuma na tako da ƙafa har gida.